Ranar da Aka Wanke Tankunan Dakta Mariya

Har yau ban manta da ranar Talatar da aka wanke tankunan Dakta Mariya ba, kuma ba na jin zan manta sai ranar da aka rufe ni. Ku matasan ma'aikatan kifi da kuke gulmata kuna cewa Baba Iro ya cika faɗa a kan ruwan tanki, yau za ku ji inda faɗan ya samo asali. Ku gyara zama. Kai mai latsa waya, kife ta.

A lokacin ina mataimakin jami'in kifi, mataki na shida, a wata 'yar tashar ƙyanƙyasar kifi da ke tsakanin Batsari da Safana. Ga wanda bai san aikin ba, mataimaki shi ne mai jiƙa hannu. Shi ke auna ruwa, shi ke ba da abinci, shi ke tsame matattu, sannan ya rubuta duk abin da ya gani a littafin tasha kowace safiya, ya sa hannu. Sama da ni akwai jami'in tasha, Alhaji Sada, mataki na goma sha biyu, wanda aka turo mana daga ɓangaren mulki. Mutum ne mai son tsabta, wannan kam ba zan hana masa ba, takalminsa kullum ƙyalli yake yi. Amma shekara biyu muka yi tare ban taɓa ganin ya naɗe hannun riga ba.

Shekarun nan ne na masifar 'yan bindiga. Ƙauyuka suna watsewa ɗaya bayan ɗaya, azuzuwan firamare sun cika da 'yan gudun hijira. Aikin ƙyanƙyasa ya kusa tsayawa, domin manoman da ke zuwa sayen 'ya'yan tarwada su kansu ba su san inda za su wayi gari ba. A cikin wannan hali ne, da rani, Dakta Mariya ta zo mana da takarda daga hedikwata cewa a ba ta ƙaramin ɗakin da ke bayan sito. Malamar jami'a ce, amma asalin iyayenta Ruma. Karatunta kaf a kan ƙwaƙwalwar kifi ta yi shi. Da na ji haka sai da na yi dariya a ciki, na ce kowa da abin da Allah ya ɗora masa.

Kowa a nan ya san minjirya, kifin da in ka taɓa shi zai fizge ka har kafaɗa. Ita ba shi take nema ba. Wani ɗan kifi take so, baƙi-baƙi, mai tsinin baki, bai wuce tafin hannu ba. Masunta kowa da sunan da yake kiransa, mu a tasha mai baki muke ce masa. Na sha kama shi ina yaro ban taɓa jin ya ja ni ba, don haka da ta ce yana da lantarki na ce mata, Dakta, a yi dai a hankali. Ba ta yi musu da ni ba. Ta tsoma wayoyi biyu a ruwan, ta haɗa su da wata 'yar lasifika mai aiki da batir. Sai ga ƙara, tat, tat, tat, kamar ana taka keken ɗinki. Ta ce in kawo tsinke kusa da kifin. Ina kawowa ƙarar ta ƙara sauri. Wallahi tsinken sai da ya faɗi daga hannuna.

Ta bayyana mini cewa daga wutsiya yake fitar da wannan ɗan lantarki, fatarsa kuma tana jin yadda ya dawo, da haka yake gane dutse da saiwa da abinci a cikin duhun ruwa, da haka kuma suke jin juna. Wannan an daɗe da saninsa, in ji ta. Abin da ya ja hankalin masana shi ne yadda kifin ba ya ruɗewa tsakanin lantarkinsa da na ɗan'uwansa. Da ta ga ban gane ba sai ta dawo mini da maganar ofis. Ta ce in ƙwaƙwalwa ta aika wa wutsiya umarni ta buga, a daidai lokacin tana aika kwafin umarnin ga sashen da ke sauraro, cewa wanda za ka ji yanzu namu ne, kada ka kula shi. Na ce to wannan kifi ya fi ma'aikatarmu tsari, mu sai an gama aiki kwafi yake isowa.

Ita tambayarta ɗaya ce. Idan damina ta kama, kifin suka shiga lokacin haihuwa, bugun namiji yakan ƙara tsawo. To shin ƙwaƙwalwa ita ma tana gyara lokacin da take toshe kunnen ne, ko kuwa namijin yakan dinga jin ƙarshen bugunsa kamar na baƙo? Kafin a amsa wannan dole a auna kifi tun bai shiga wannan hali ba, a kuma sake auna shi ɗin dai bayan ya shiga. Ba a musanya shi da wani. Shi ya sa kowane kifi yake da tankinsa da lambarsa da shafinsa a littafi. Su tara ne.

Wanda ya kamo su Baba Tanimu ne, wani tsohon masunci daga wajen Darini. A wani rafi da ke bakin daji ya samo su, lokacin da ruwa ya ja ya bar kududdufai a ƙarƙashin saiwoyi. Ba a yi wata guda da kamun ba aka tashi ƙauyensu. Ya dawo Batsari da iyalinsa suka raɓe a aji ɗaya da wasu gidaje uku, rafin kuwa ya koma hannun mutanen daji, ba mai zuwa ko kusa da shi. Tun daga nan muka san kifin nan tara su ne ke nan, babu ƙari. Baba Tanimu yakan tako da ƙafa ya zo tasha, ya zauna a kan buhu ya yi ta kallonsu. Shi ya ce wa Dakta a zuba busasshen ganye a ruwan, a sa musu fasassun tukwane su dinga ɓuya, a kuma toshe tagogi da buhuna, domin kifin ba ya son haske. Ta bi maganarsa ba ta rage komai ba.

Da ruwan sama ya sauka muka jera durom shida a ƙarƙashin indararo. Ruwan sama ba shi da gishirin da ke cikin ruwan burtsatse, kuma wannan sauyin ne yake gaya wa kifin cewa damina ta yi. Kullum da safe nakan ɗebe kwano biyu daga kowane tanki in mayar da kwano biyu na ruwan sama, ba uku ba, in tsoma ma'auni in rubuta. In aka yi garaje aka sauya ruwan a lokaci guda, kifin ba ya ɗauka. Haka muka yi ta lallaɓawa har kifin suka cika wata bakwai a hannunmu. Wajen ƙarshen damina maza uku suka fara jan bugunsu, Dakta ta nuna mini a fuskar kwamfutarta, tana murna kamar an yi mata albishir da kujerar Makka. Ta ce saura mako biyu ta yi awon ƙarshe. Sai jarrabawar ɗalibanta ta taso, ta ce za ta je ta yi kwana bakwai ta dawo. Ta manna takarda a ƙofa cewa kada a taɓa ruwa, kada a buɗe taga. Makulli yana hannuna.

A daidai wannan lokaci ne aka katse layin waya a yankinmu gaba ɗaya, aka kuma rufe kasuwanni, duk saboda 'yan bindiga. Mai son kiran wani sai ya shiga mota ya nufi wajen Katsina har ya sami inda sabis yake.

Ranar Litinin Alhaji Sada ya tara mu ya ce manya za su zo daga hedikwata ranar Alhamis. Kun san yadda ake yi. A share fili, a shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, a ɓoye duk abin da ya karye a bayan sito. Ya bi ɗakuna yana dubawa har muka iso na Dakta. Ina buɗewa ya toshe hanci, alhali ba abin da ke wari sai ƙamshin jiƙaƙƙen ganye. Ya ga duhu, ya ga ruwa ja kamar shayi, ya ga tsingaro a cikin tanki. Ya ce wannan wace irin ƙazanta ce, a ce manya su shigo su ga kwata a tasharsa? Na yi masa bayani tiryan-tiryan, tun daga ganye har durom. Na nuna masa takardar ƙofa. Ya karanta, ya ce ita baƙuwa ce, tasha kuwa tasa ce.

"Kifi dai ba ruwa yake so ba? To a ba shi mai kyau mana."

Na ce, "Ranka shi daɗe, wannan ɗin shi ne mai kyau a wurinsa. In aka sauya mutuwa za su yi."

Ya ce ya ji, ya wuce.

Washegari Talata da sassafe ya kira ni ofis. Ya ba ni takardun gayyata ya ce in kai Safana hannu da hannu, tunda babu waya. Har na juya sai ya ce in bar makullin ƙaramin ɗaki, leburori za su share ƙasa su cire yanar gizo, iyakar abin ke nan. Na tsaya. Zuciyata ta gaya mini gaskiya, ba zan yi muku ƙarya ba. Na ce in an bari na dawo sai in share da kaina. Ya ɗago kai ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, Malam Iro, ni da kai wa ke ba wani umarni? Na zaro makullin na ajiye masa a kan tebur.

Hanyar Safana a lokacin ba a yi mata gaggawa. Sai an jira motoci sun taru a tafi a ayari, a tsaya a shingen jami'an tsaro nan, a tsaya can. Ban dawo ba sai bayan la'asar. Tun daga bakin ƙofar tasha na hango tagogin ɗakin a wangale, buhunan a tare a gefe. Barandar ofis a jiƙe sharkaf tana sheƙi. Na dubi durom, shida ɗin nan duk a kife. Da ruwan saman da muka tara damina guda aka wanke baranda, wai don ya fi kusa da hannu.

Na shiga ɗakin, ƙamshin omo ya buge ni. Tankuna fes, ruwa garai-garai, kana hango ƙasansa. Babu ganye, babu tsingaro. Leburorin suka ce Oga ne ya tsaya a kansu, suka juye kifin duka a bokiti ɗaya, suka goge tankunan, suka cika su daga burtsatse, suka mayar da kifin duk inda hannu ya kai. Ban ga laifinsu ba, abin da aka sa su suka yi. Biyar sun riga sun juya ciki sama. Huɗu suna kwance a kusurwa suna haki, ba inda za su ɓuya. Ko da sun rayu ma, ban san wane ne lamba ɗaya wane ne lamba bakwai ba.

Na ɗauki bokiti na bi gidajen maƙwabta ina roƙon ruwan sama. Wata tsohuwa ta juye mini abin da ya rage a randarta, tana tambaya ko mara lafiya gare ni. Na ce mata e. Na sa huɗun a ciki, na rufe da buhu, na tsoma wayoyin Dakta. Ƙarar tana nan amma ba irin wadda na sani ba, bugu ɗaya, a daɗe, sannan wani. Laraba da safe biyu suka tafi, da azahar ɗaya ya bi su. Na ƙarshen ya kai safiyar Alhamis. Ina tsugune a gabansa lasifikar ta yi shiru, na jijjiga batir, na sake haɗa waya, ba batir ba ne.

Na nufi ofis a haka, wandona a jiƙe. Na same shi yana gwada hula a gaban madubi.

"Ranka shi daɗe, ka kashe su. Duka taran."

Ko juyowa bai yi ba. Ya ce kifin da ko miya ba a yi da shi ne zan ɗaga masa murya a kai? In matar ta dawo a sayo mata wasu a kasuwa. Na ce wace kasuwa, waɗanda aka rufe? Wane rafi, wanda ke hannun 'yan bindiga? Ya ce in fita in sauya kaya, kuma in sa a zuba 'ya'yan tarwada a tankunan kada manya su gan su fayau. Shekara ashirin da wani abu ina aiki ban taɓa jin ina son in ɗaga hannu a kan na gaba da ni ba sai ranar. Allah ya taimake ni na fita.

To ku ji ƙarshen rashin mutunci. Manyan sun iso wajen ƙarfe goma sha biyu da motar rakiya gaba da baya. Suka tsaya a fili, aka yi gaisuwa, aka yi jawabi, aka ɗauki hoto a gaban allon tasha. Shugaban masu rakiya ya ce dole a bar hanyar nan da wuri. Ko lemon da aka jera ba su buɗe ba. Minti goma sha biyar ba su cika ba suka shige motoci. Babu ko mutum ɗaya a cikinsu da ya taka bayan sito, balle ya san akwai wani ɗaki a wurin.

Da yamma Alhaji Sada ya ce in rubuta a littafin tasha cewa cuta ce ta shiga kifin. Ga waɗanda ba su sani ba, littafin tasha shi ne shaida. In an zo bincike ba a tambayar baki, shi ake buɗewa. Na ɗauki biro na rubuta ranar, na rubuta cewa an sauya ruwa gaba ɗaya da na burtsatse, an wanke tankuna da omo bisa umarnin jami'in tasha, kifi tara sun mutu. Na sa hannu. Washegari ya ba ni takardar tuhuma, wai in yi bayani cikin awa ashirin da huɗu dalilin da ya sa ba za a hukunta ni ba saboda sakaci da rashin ladabi. Ni ne mai sakaci! Na amsa masa da layi uku, na ce a duba littafin tasha.

Dakta Mariya ta dawo ranar Litinin, da ledar tsutsar da ta sayo wa kifin a hannunta. Ba wanda ya iya gaya mata a hanya, tunda ba waya. Ta tsaya a ƙofar ɗakin tana kallon tarwada suna wasa a tankunanta. Na zaci za ta yi ihu, ko ta nufi ofis. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce in kawo littafi. Ta zauna a kan buhu ta karanta shafin, ta koma baya tana bin awon da na yi wata bakwai, shafi bayan shafi. Sannan ta ɗago.

"Malam Iro, ƙwace makullin ya yi?"

"A'a, Dakta. Ni na ba shi."

Ta rufe littafin ta miƙo mini. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Muna nan Baba Tanimu ya shigo, ya riga ya ji labari a gari. Ya daɗe yana kallon tankunan, sannan ya ce mata, ɗiyata, kada ki damu, na san wata ɓarauniyar hanya ta bayan gonaki, in na bi ta da sassafe zan kai rafin in dawo kafin rana ta take. Da gaske yake, har ya fara lissafa irin komar da zai ara. Nan ne idonta ya kawo ruwa. Ta ce, Baba, wallahi ko kifin zinariya ne ba za ka je ba, ba zan sa ran mutum a kan tambayata ba. Ya nace, ta ce in ya je ba ta yafe ba. Ya ɗauki sandarsa ya koma gida.

Kwana biyu ta yi tana naɗe wayoyinta. Ta rubuta ƙorafi zuwa hedikwata, har ta bar yankin ba a amsa ba. Awon farko da muka yi tare ta tafi da shi, daga baya ta aiko mini da saƙo cewa ya yi amfani, ta rubuta yadda wannan kifi namu yake bugu da rani, abin da ba a taɓa ɗauka ba daga rafukanmu, har ta sa sunana da na Baba Tanimu a wurin godiya. Amma rabin da ta zo dominsa, wanda ya rage mako biyu, bai samu ba. Har na bar aiki ba ta sake samun kifin rafin nan ba.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. A aikinmu ana yawan ɗora wanda bai san ruwa ba a kan wanda ya sani, kuma aikin ganin ido ya kashe kifi fiye da kowace cuta da na taɓa gani. Wannan yana ƙona mini rai har yanzu, in na tuna baranda tana sheƙi sai in ji abinci ya fita kaina. Amma kada ku tsaya a zagin Alhaji Sada kawai. Shi bai sani ba, kuma bai damu ya sani ba. Ni na sani. Kifi ba ya magana a ofis, mataimaki ne bakinsa. In babba ya ba ku umarnin da kuka san zai kashe abin da aka ba ku amana, ku ce ranka shi daɗe a ba ni a rubuce, ku tsaya a bakin ƙofa har a kawo. Yawancinsu ba za su rubuta ba.

Ni ban tsaya ba, kuma na san dalili. Tsoro na ji kada a ɗauke ni daga tasha a jefa ni wani ƙauye a irin wannan lokaci, ga iyali. Ba a yi wata guda ba takardar canjin wurin aiki ta fito, aka tura ni Tsaskiya, inda ko kududdufin kifi babu. Abin da na guje wa ranar Talata ya same ni duk da haka, sai dai ya same ni bayan kifin sun riga sun mutu.